Calendly ko Doodle? Ga wanda za ka ɗauka

Malam, ka tambaye ni wanne ya fi tsakanin Calendly da Doodle, manhajojin nan biyu na tsara lokacin ganawa da mutane ta intanet. Calendly za ka ɗauka, kada ka wahalar da kanka.

Da shi nake tsara karatun yaran da nake koyarwa ta intanet, wasu iyayensu na Ingila, wasu na Saudiyya. Abin da ya sa na riƙe shi gam shi ne lissafin agogo. Saudiyya kullum tana gabanmu da awa 2, wannan ba ya rikita kowa. Ingila ce mai wuyar sha'ani: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da nasu, sauran watannin kuma suna bayanmu da awa 1. Calendly yana nuna wa kowa lokacin da kake da sarari bisa agogon garinsu. Wata baiwar Allah a Landan, mai aikin dare a asibiti, takan zaɓar wa ɗanta lokaci da tsakar dare ina barci, da asuba in tarar an riga an rubuta a kalandata. Ta ce mini da can har kunyar yawan tambayata take ji, yanzu kuwa ta huta. Wallahi maganar nan ta yi mini daɗi.

Farawa ba wuya. Ka shiga da Gmail ɗinka, ka haɗa shi da Google Calendar, ka sa awannin da kake karɓar mutane. Ka cire lokutan salla da na Juma'a tun farko, ka bar kamar minti 15 tsakanin zama da zama don ka sarara. Sai ka tura mahaɗinka ta WhatsApp. Na kyautar nau'in zama guda ɗaya yake bari ka buɗe, kuma ya ishe ka a yanzu. Wajen kiran bidiyo, ka haɗa shi da Google Meet, don Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40. Af, wanda ya kafa Calendly a 2013 ma haifaffen Legas ne, Tope Awotona.

Doodle kuwa, to, yana da amfani idan kwamiti ne kuke neman ranar da kowa zai samu, a jefa ƙuri'a. Na kyautarsa akwai talla, kuma Calendly ma yana yin wannan ƙuri'ar.

Sai ka yi hattara da masu tallar “premium”, wato na kuɗin, da araha a Telegram da WhatsApp. Wani asusu ɗaya yake sayar wa mutum goma, wani kuma ya ce ka ba shi kalmar sirrin Gmail ɗinka ya saita maka. Kada ka bayar ko da wasa, domin duk saƙonninka da lambobin mutanenka a nan suke. In ka ga lallai sai na kuɗi, ka biya a shafin kamfanin da kanka, ka kuma sani da dala ake biya, don haka ka fara tambayar bankinka ko katinka zai wuce.