Gafakar da na jira mako bakwai a Shiyar Madunka

Alƙur'anin kakana rubutun hannu ne, warƙa-warƙa, ba a ɗinke ba, irin wanda ake jerawa cikin tadarishi, wato bangon da ke riƙe warƙoƙin, a ɗaure sannan a zura a gafaka. Tadarishin yana nan da ƙarfinsa. Gafakar ce ta gaji: maratayin ya tsinke tun ina yaro, gindin ya ɓule har gefen takardu ya fara leƙowa. Bayan ƙaramar sallah na yanke shawarar a yi mata sabuwa, kuma tunda auren ɗiyata ya matso, na ce bari in haɗa da tumtum biyu na ɗakinta. Wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa ya kwatanta mini wani tsohon zauren dukawa a Shiyar Madunka, nan cikin garin Sakkwato. Ya ce in dai gafaka ce, kada in tsaya a rumfunan bakin hanya.

Ba zan ambaci sunan mai zauren ba. Akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, shi kuwa sa'an mahaifina ne.

Babu allo a ƙofar, babu lambar waya. Warin fata ne zai gaya maka ka iso. Na tarar da mutum tara a ciki, kowa a zaune ƙasa da aikinsa a cinya, dattijon yana can ƙurya bisa buzu. Da na miƙa masa tsohuwar gafakar bai tambaye ni kuɗi ko lokaci ba. Ya juya ta, ya shinshina, ya bi ɗinkin da farce, sannan ya ɗago.

"Malam, wagga ba aikin kasuwa ba ta. Wa ab ba ka ita?"

Na ce, "Baba, ta kakana ce."

Ya ce ɗinkin irin na gidansu ne, wataƙila ma mahaifinsa ya yi ta. Ko haka ne ko daɗin baki ne na mai sana'a, oho. Ni dai na ji daɗin maganar, shi ma ya san na ji.

Ya sa yaro ya ɗauko fatu uku ya shimfiɗa a gabana. Biyu suna ƙyalli, jansu ya yi tsanani. Ta ukun janta ya yi duhu kamar busasshen zoɓo, ga laushi, in ka dunƙule ta ka saki sai ta koma yadda take. Ita ce fatar jar akuya, wadda makwabtanmu na Nijar ke danganta wa Maraɗi. An jeme ta da bagaruwa, an shafe ta da man gyaɗa, an rina da karan dafi. Sauran biyun garin rinin kanti aka zuba musu. Ya faɗa mini wannan da bakinsa tun kafin in tambaya, kuma a nan na fara yarda da gidan.

Wannan fatar ce ayari suka riƙa ɗauka kan raƙuma, ta Kano da Agadas zuwa Gadamas da Tarabulus, daga can ta tsallaka teku. Turawa suna ɗaure littattafansu da ita suna kiranta fatar Maroko, mu da muka yi kiwon akuyar muka jeme ta ko sunanmu babu. Tun da Muhammadu Bello ya kafa garin nan a 1809 masu sana'a ke zama shiyya-shiyya, majema a nasu wuri, maƙera a nasu, dukawa a nasu, kowace sana'a da shugabanta da ke tsaya mata a gaban fada. Gari ne na malamai da mahaya, saboda haka baduku bai taɓa rasa aiki ba: ga gafaka da laya, ga kube, ga ragama da kayan sirdi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a farkon mulkin Turawa, ya kuma kai Ƙauran Namoda a 1929, sai fata ta juya baya ga Sahara ta fuskanci Ikko. Har yau mafi kyawun ɗanyar fata Kano take tafiya, masana'antun Challawa da Sharaɗa su gyara ta a fitar da ita Italiya da Sifen. Abin da ya rage shi majeman Unguwar Rogo da ire-irensu ke jemewa da hannu, shi ya sa dattijon ke ajiye ta karan dafi a ƙarƙashin buzunsa kamar kuɗi.

Muka yi ciniki. Gafaka naira dubu goma sha biyar, tumtum biyu dubu talatin, na ba da rabi. Babu rasit. Da na nemi a rubuta mini ko a ƙyallen takarda ne, sai ya nuna mutanen da ke zaune ya ce ga shaidu takwas. Ya yi mini alƙawarin mako uku.

Ranar da mako uku ya cika na hau kabu-kabu cikin rana tsaka, na tarar da zaure a kulle. Wata mai sayar da ƙosai ta ce ɗaya daga cikin dukawan zauren ya rasu, duk suna wurin zaman makoki. Na bi na yi ta'aziyya. Bayan mako guda na dawo, ba a ko yanka fatata ba. Na sake dawowa, haka. A zuwa na uku raina ya ɓaci, domin biki saura kwana goma sha biyu, uwar amarya kuma kullum sai ta tambaye ni tumtum. Na ce, "Baba, alƙawari fa kaya ne."

Bai ji haushi ba. Ya nuna mini tarin aiki a gefen bango, takalma da jakunkuna da ragama guda biyu, ya ce duk na marigayin ne. Ya karɓi kuɗin mutane bai gama ba ajali ya riske shi. Al'adar zauren tun kakanni ita ce, in ɗayansu ya faɗi, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa a gama na mamaci tukuna, don kada ya kwanta da bashin kowa a wuyansa, cikon kuɗin kuma a kai wa iyalinsa ba a cire ko kuɗin zare ba.

"In ni na mutu gobe, Malam, haka za su gama taka gafaka."

Na rasa amsa. Sai dai har yanzu ina ganin da an gaya mini wannan tun zuwan farko da an hutar da ni kuɗin kabu-kabu da ɓacin rai. Akwai samari huɗu a zauren, kowa da waya a aljihu, babu wanda ya ga ya dace ya karɓi lambata. Wannan sakaci ne, kuma ba al'ada ce ta jawo shi ba.

Zaman jiran ya nuna mini abin da mai saye da sauri ba zai gani ba. Wurin ya fi kama da majalisar 'yan uwa da ake sana'a a cikinta. Akwai wata tsohuwar zabira a rataye da kowa ke jefa abin da ya sawwaƙa duk Juma'a. Daga cikinta ake fitar da gudummawar suna da ta asibiti, da jarin wanda aka yaye. A gabana wasu dukawa biyu daga wata rumfa suka kawo rigima kan wani mai saye da ɗaya ya ce ɗayan ya janye masa. Dattijon ya saurare su yana huda fata da basilla, bai ɗago ba, ya raba ribar biyu, suka yi musabaha suka tafi. Ba caji ofis, ba alƙali. Cikin yaran da ke koyo akwai marayu biyu da ba gadon dukanci suka yi ba, a nan suke cin abincin rana. Ya ce a da gado kaɗai ke shigar da mutum zauren, yanzu kuwa 'ya'yan gidan sun fi son babur da sayar da kayan waya, dole ƙofa ta buɗe.

Gafakar ta fito a mako na bakwai, kuma ta biya ni. Ɗinkin a jere yake kamar haƙoran tsefe, ya ninka gindin biyu a inda tsohuwar ta ɓule, maratayin kitsattse ne ba yanki ɗaya ba. Tadarishin ya shiga daram, ba matsi ba sako-sako, alhali da igiya kawai ya auna shi. Na goga farin ƙyalle mai laima a jikinta, bai ɗauki komai ba.

Tumtum ɗin ne suka ba ni kunya. Samari ne suka yi su cikin gaggawa saboda matsin da na yi, da fatar nan mai ƙyalli. Ran wuni wata goggon amarya ta jingina da ɗaya, ta tashi da jan tabo a bayan farin leshinta, kuma har yau in mun haɗu sai ta tuna mini. Na mayar. Dattijon ya kira yaron da ya yi aikin, bai zage shi a gabana ba, ya dai ce ya farke ya sake da fatar karan dafi, kuɗin fatar daga aljihun yaron. Ni ba a ƙara mini ko sisi ba, ba a kuma mayar mini da komai ba. Sun ce a gidan ba a mayar da kuɗi, aiki ake sakewa.

Wanda zai je, ya tafi da safe kafin rana ta yi zafi, ya riƙe tsabar kuɗi domin babu POS, sai dai ka tura wa ɗaya daga cikin samarin. Ka ce a fili fatar karan dafi kake so, ka gwada ta da jiƙaƙƙen ƙyalle a gabansu, ba sa jin haushi. Duk kwanakin da aka yanka maka ka ninka su, kuma kada ka kai aiki gab da sallah, lokacin kayan dawaki sun cika zauren. In aikin biki ne ka kai shi tun ranar sa rana.

Tsohuwar gafakar tana can. Ya roƙe ni in bar masa ita aro don yara su ga yadda ake juya ɗinki a kusurwa, na bari. Makon jiya da na je karɓar tumtum na gan ta a rataye kusa da zabirar, wani ya gyara mata maratayi.