Wata tara ina aiki da Zotero a Marwa

Ranar da malamina ya dawo mini da babi na biyu na memwar ɗina, wato kundin binciken digirin masta, jan biro ya fi yawa a shafuka huɗun ƙarshe, inda na jera littattafan da na dogara da su. Akwai marubucin da na ambata a cikin rubutu da shekarar 1987, a jeri kuma na sa 1978. Wasu biyu suna cikin rubutu, babu su a jerin sam. Ya ajiye biron ya ce, "Ɗana, ranar sutanans wannan shafin 'yan juri suke fara buɗewa." Sutanans ita ce ranar da ɗalibi ke kare aikinsa a gaban malaman da za su yi masa hukunci, wato juri. Maganar ta tsaya mini a rai, don bincikena kan noman masakwa ne, dawar da ake dasawa bayan damina, a karkarar Marwa ta arewacin Kamaru, kuma na sha rana a gonaki kafin in tara abin da na tara.

Wata yayarmu da ke digirin dokta ce ta saka mini Zotero a kwamfuta, manhajar da ke adana bayanan littattafai, ta kuma jera su a cikin rubutu. Na ce, "Yaya, nawa ake biya?" Ta ce ko dala. Manhajar ta fito ne a 2006 daga Jami'ar George Mason ta Amurka, kuma har yau kyauta ake sauke ta. Akwai EndNote ta kuɗi, akwai Mendeley da ke hannun kamfanin Elsevier tun 2013, amma ban yi aiki da su ba, don haka kan wadda na sani zan tsaya.

Abin da ya fara burge ni shi ne wani ɗan maɓalli mai kama da sanda. Ka zuba masa lambar shaidar maƙala da ake kira DOI, ko ta littafi da ake kira ISBN, sai ga sunan marubuci, shekara, mujalla da shafuka sun shigo da kansu. Haka in kana kan shafin maƙalun ilimi irin Persée ko Cairn ko OpenEdition, dannawa ɗaya a burauza ta isa. A cikin Word kuma, ka rubuta haruffa uku na sunan marubuci, ka zaɓa, ta saka ambaton a wurinsa, ta ƙara shi a jerin ƙarshe. Da aka ce mu koma tsarin jera littattafai na APA bugu na 7, abin da zai cinye mini kwana uku bai kai minti biyu ba. Na mayar da harshen takardar Faransanci, inda babu shekara ta rubuta "s. d." yadda ake so a nan. Kuma tana aiki ba intanet. In wuta ta ɗauke, batir yana da sauran rai, rubutu bai tsaya ba.

Sai dai yawancin abin da aka rubuta kan yankinmu ba shi da DOI. Tsofaffin rahotannin ORSTOM, hukumar binciken Faransa da ta koma IRD a 1998, da keken rubutu aka buga da yawansu, daga baya aka ɗauki hotonsu. Memwar ɗin ɗaliban da suka riga mu kuwa suna kan kanta a laburare, ƙura ta rufe. Waɗannan da hannu za ka shigar, gurbi bayan gurbi. Na yi kusan sati biyu, bayan sallar isha'i, ina wannan aikin, ina duba bangon kowace takarda da idona.

A nan ne na gane cewa sunayenmu suna bukatar kulawa ta musamman. Gurbin marubuci biyu ne, sunan dangi da sunan yanka, irin na Turawa. Mu kuwa mutum da sunansa ne da na mahaifinsa, wani a gaba akwai Alhaji ko Modibbo ko Lawan. In ka ɗauko bayani daga intanet ba ka duba ba, sai ka tarar laƙabi ya zama suna, sunan kuma ya koma harafi ɗaya. Hukumomi ma haka: na taɓa ganin Banque mondiale ta fito a jerina a matsayin "mondiale, B." Akwai ɗan maɓalli a gefen sunan da ke haɗe gurbin biyu ya zama ɗaya, sunan ya fito cikakke yadda mai shi yake amsa shi. Haka kuma littafin Faransanci, ka rubuta "fr" a gurbin harshe, don kada tsarin Ingilishi irin Chicago ya cika masa take da manyan baƙaƙe.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne akwai nau'in "hira" a cikinta. Dattawa goma sha ɗaya na zauna da su, wasu da Hausa, wasu da Fulatanci. Wani tsoho ya ɗebo dunƙulen baƙar ƙasar karal, laka da ake dasa masakwa a cikinta, ya murje ta a tafin hannu, ya nuna mini yadda ake gane ta sha ruwan da zai riƙe dashe har girbi ba tare da an ƙara ruwan sama ba. Iliminsa bai gaza na mai littafi ba. Na shigar da shi da ƙauyensa da ranar da muka zauna, ya samu layinsa kamar kowa.

Maganar ajiya: wurin da suke bayarwa kyauta a intanet megabait 300 ne, kuma hotunan tsofaffin rahotanni suna da nauyi, ba a jima ba ya cika. Gigabait 2 dala 20 ce ta Amurka a shekara. Ni ban saya ba. Na kashe tura fayiloli, na bar tura bayanan littattafai kawai, wanda ba shi da iyaka, fayilolin kuma ina kwafe su a filashi duk Juma'a. A watan Afrilu, tsakiyar zafi, kwamfutata ta mutu lokaci guda. Jikina ya yi sanyi. Na je ɗakin abokina a unguwar Domayo, muka saka manhajar a tasa, na shiga da sunana, na ga littattafaina suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan bayanan da na rubuta a ƙarƙashin kowanne. Sai da na yi hamdala a fili.

Ranar da zan kai aikin wurin bugawa, Yaya ta ja mini kunne: in yi kwafi daban, in cire alaƙarsa da Zotero, shi zan miƙa, don in an cire ba ta komawa. Na asalin in riƙe shi saboda gyaran bayan sutanans. Haka na yi. Yanzu ƙannenmu uku na shekarar farko ta masta suna zuwa wurina ranar Asabar da kwamfutocinsu, kuma da gurbin suna nake fara musu.