Hattara da mai tallar "bugun farko" na faifan Boards of Canada

Jama'a, musamman 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya da samarin da ke haɗa kiɗa a kwamfuta suna tara faya-fayen garmaho, akwai wani ɗan damfara da ke yawo a Instagram da Telegram yana cewa yana da bugun farko na Music Has the Right to Children, kundin farko na Boards of Canada, har da sa hannun masu shi a jikin kwali. Ya ci kuɗin mutum biyu da na sani, ɗaya ƙanin abokina ne da ke karatu a nan Ingila, kuma har yanzu bai daina ba. Kiran sunansa ba zai amfana muku komai ba, domin sunan da yake amfani da shi a wannan makon ba shi zai ɗauka a mako mai zuwa ba. Salon cutarsa ne ba ya canjawa, shi nake so ku gane.

Ga wanda bai san su ba, Boards of Canada wa da ƙani ne 'yan Scotland, Michael Sandison da Marcus Eoin. Sun yi wani ɓangare na ƙuruciyarsu a Kanada, kuma daga hukumar fina-finai ta ƙasar suka aro sunan. Kundin ya fito a watan Afrilu na 1998, kamfanonin Warp da Skam suka fitar da shi tare, Matador kuma ya fitar da shi a Amurka. A ɗakin aikinsu na Hexagon Sun da ke tsaunukan Pentland, kusa da Edinburgh, suka haɗa shi. Kiɗa ne mai sanyi, kamar daga tsohon kaset da ya sha rana yake fitowa, da muryoyin yara can ƙasa-ƙasa, hoton kwalin kuma wani iyali ne da aka shafe musu fuskoki. Duk wanda ya zauna ya ji "Roygbiv" ko "Aquarius" ya san dalilin da ya sa mutane ke riƙe da kundin nan da daraja haka. Ni ma ina cikinsu, shi ya sa abin nan ya yi mini zafi.

Mutumin nan ba da ka ya zaɓe su ba. Ya san halin mawaƙan, ya kuma san halin masoyansu. Mutane ne masu ɓoye kansu, ba sa yawan hira da 'yan jarida, ba sa yawan fitowa wasa. Sai a 2005 ma suka bayyana wa duniya cewa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kuma akwai kayansu da suke da wuyar samu da gaske. Faifan Twoism na 1995, wanda suka buga da kansu a ƙarƙashin kamfaninsu na Music70, kwafi kusan 100 kacal aka yi, har ya riƙa canja hannu a kan ɗaruruwan fam kafin Warp ya sake buga shi a 2002. A 2013, gab da fitowar kundinsu Tomorrow's Harvest, an tsinci wani faifai nasu a shagon Other Music da yake New York a lokacin, ranar bikin shagunan faifai, ba komai a cikinsa sai 'yan daƙiƙoƙin kiɗa da wata murya tana karanta lambobi, kuma daga baya an sayar da irinsa a eBay a kan dubban daloli. Masoyansu sun saba da cewa abin mamaki yana iya faɗowa daga ko'ina. Idan wani ya ce musu yana da abin da ba kowa ke da shi ba, zuciyarsu tana riga hankalinsu amincewa. A nan ɗan damfarar yake cin abinci.

Ga yadda yake tafiyar da abin. Yana bibiyar masu yin tsokaci a ƙarƙashin hotunan faya-faye, sai ya shigo maka ta saƙon sirri da fara'a. Zai ce ya taɓa aiki a wani shagon faifai a Manchester a shekarun 1990, yanzu zai tashi daga gida ne yana rage kaya, kuma ba ya so faifan ya faɗa hannun 'yan kasuwa, ya fi so ya je wurin wanda ya san darajarsa. Ya iya bakinsa ƙwarai. Ya san sunayen waƙoƙin, ya san cewa Skam kamfanin Manchester ne da aka sani da manna rubutun makafi a jikin kayansa, zai ma turo maka hoton irin wannan ɗan manne. Farashin da zai faɗa yana da nauyi, amma bai kai abin da kake tsammani ba, daidai inda kwaɗayi zai motsa. Daga nan sai gaggawa: wai wani ɗan Japan ya riga ya taya, in ba ka biya yau da dare ba shi ke nan.

Ƙanin abokina ya biya. Kuɗin da ya tara daga aikin ƙarshen mako ne. Kaya sun iso, a naɗe da kyau. Da muka buɗe muka duba gefen kwalin, inda lambar kaya take, sai muka ga an shafa baƙin tawada a ƙarshen lambar, in ka karkata shi ga haske kana ganin ƙyallinta daban da sauran rubutun. Lambar bugun 1998 ita ce WARPLP55. Wanda Warp ya sake bugawa a 2013 yana da harafin R a ƙarshe. Harafin nan aka rufe. Ɗan mannen rubutun makafin kuwa ɗige-ɗigen bugun inji ne kawai a kan takarda, ka shafa yatsa ba ka jin tudun komai. Sa hannun biyu da alƙalami ɗaya aka yi su, da karkata iri ɗaya. Wato faifan da za ka shiga shago a Landan ko Glasgow ka saya sabo a leda, ko ka yi odarsa daga Bleep, shagon Warp na intanet, shi aka yi wa kwalliya aka ninka masa kuɗi. Yaron ya zauna yana jujjuya kwalin bai ce uffan ba.

Na biyun ko wannan bai samu ba. Shi an yi masa tallar abin da ya fi wannan girma: wai kaset ɗin Acid Memories da Hooper Bay. Waɗannan sunaye ne na ayyukan da 'yan'uwan suka yi tun kafin su shahara, suka raba wa dangi da abokai, kuma ba su taɓa fitowa kasuwa ba. Shekara da shekaru ana ta yaɗa jabun waƙoƙi a intanet da waɗannan sunaye, kiɗan wasu ne aka liƙa musu suna. Mutumin da ya ce zai sayar maka da su ta Telegram a kan kuɗin hayar ɗaki na wata guda, ƙarya yake yi tun daga sallama. An tura masa lambar bin sawun kaya, ta nuna an kai wani abu wani gari daban, da ya yi magana aka toshe shi.

Abin da ya fi kashe su duka biyun shi ne hanyar biyan kuɗin. Mutumin nan ba ya yarda a yi ciniki a cikin Discogs, shafin bayanai da cinikin faya-faye na intanet, ko eBay, sai ya ce kuɗin da suke yanka ya yi yawa, gara ku raba rangwamen tsakaninku. Zai ce ka tura ta PayPal amma ka zaɓi na 'yan'uwa da abokai, ko ka biya da kirifto, ko katin kyauta. Zaɓin 'yan'uwa da abokai ba shi da kariyar mai saye ko kaɗan, a idon PayPal kyauta ka yi. Wanda ya biya ta zaɓin kaya da aiki yana da kwana 180 na shigar da ƙorafi idan kaya ba su zo ba. Wanda kuma ya biya ɗan kasuwa kai tsaye da katin bashi a Birtaniya, a kan kayan da suka haura fam 100, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa bankin alhaki tare da mai sayarwa. Duk hanyar da mutumin nan yake tura ka, an zaɓe ta ne don kada ka samu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kafin ka ba kowa ko sisi a kan tsohon faifai, ka ce ya ɗauki hoton wurin nan marar layi da ke kusa da tsakiyar faifan, inda ake zana lambobin ma'aikatar da ta buga shi, na kowane gefe, domin kundin nan faifai biyu ne, gefe huɗu. Ka ce ya ajiye takarda kusa da shi da sunanka da ranar a rubuce da hannu. Sai ka je Discogs ka gwada da abin da aka rubuta na bugun 1998. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, masu tara faifai kullum suna yin sa. Ka kuma saka hotunansa a binciken hoto na Google. Da muka yi haka daga baya, hoton farko da ya tura wa yaron, har da lanƙwasar da ke kusurwar kwalin, mun same shi a wani tsohon gwanjo na wani mutum daban. Maganar sa hannu kuwa, ku tambayi kanku: mutanen da ba sa fitowa fili, a ina ya tare su har su biyu?

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta sa ya yi shiru. A Birtaniya ka kira 159, za ta haɗa ka da bankinka kai tsaye. Tun ranar 7 ga Oktoba 2024 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa bankuna mayar da kuɗin wanda aka yaudara ya tura daga asusun Birtaniya zuwa wani asusun Birtaniya, har zuwa fam 85,000, in dai ya kai ƙorafi cikin wata 13, ko da yake banki na iya cire har fam 100. Ba ta shafi kirifto ko kuɗin da ya tsallaka ƙasa ba, don haka na gida da ke tunanin ba wani naira ya tura musu fam, ku sani in abin ya lalace ba ku da wannan mafita. Ka adana hotunan hirarku kafin ya goge, ka kai rahoton asusun ga Instagram ko Telegram, ka kuma sanar da 'yan sanda, a Scotland lambar ita ce 101. In ya zo muku da sabon suna, ku ɗauki hoton saƙon ku nuna wa sauran masu tara faifai da kuka sani tun kafin ya kai gare su.