Bita: doctest na Python, gwaji a cikin fayil ɗaya da code ɗinka

doctest, kayan aikin gwada ko code yana ba da amsar da ake so, yana zuwa tare da Python, ba sai ka sauke komai ba. A cikin bayanin da ke ƙarƙashin def (kalmar da ake fara function da ita) za ka rubuta >>> da umarni, layi na gaba ka sa amsar da kake jira. A ƙasan fayil ka sa import doctest da doctest.testmod() ƙarƙashin if __name__ == "__main__", don kada gwajin ya tashi duk lokacin da wani ya yi import, wato ya jawo fayil ɗin cikin nasa code. In komai daidai ne, shiru zai yi. Ƙara -v a umarnin gudanar da fayil ɗin ka ga bayani dalla-dalla.

Inda gizo ke saƙar shi ne, rubutu yake gwadawa harafi da harafi. Rubuta 0.1 + 0.2 kana jiran 0.3, zai fāɗi, domin Python 0.30000000000000004 yake bugawa. Sai ka naɗe shi da round(), mai taƙaita lamba. Jerin kalmomi a cikin set (tarin abubuwa marar tsayayyen jeri) kuwa yakan sauya daga gudu zuwa gudu, maganinsa sorted(), mai jera su bi da bi. Layin da ba komai a cikin amsa sai an rubuta <BLANKLINE>, abin haushi.

Ga ƙananan ayyuka ya yi kyau ƙwarai. Da zarar gwaji ya buƙaci rumbun bayanai ko intanet, kwashe shi zuwa babban fayil na tests, ka bar wa pytest, wani kayan gwaji na daban.