Rumfar gyaran keke a ƙasar Ringim: yadda aka shirya mini keke domin tafiya Haɗejiya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure da bayan rumbu suka sake fitowa kan hanya a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim, masu gyaransu kuma, waɗanda a da suke wuni suna hira, yanzu da ƙyar suke samun sararin miƙe baya. A kan ɗaya daga cikinsu nake so in yi bayani, wani dattijo mai rumfar kwano a bakin titi, domin wurinsa na kai kekena lokacin da na ƙudura niyyar zuwa Haɗejiya ziyarar 'yan'uwa ta hanyar Gujungu. Tafiya ce da ta haura kilomita 100, alhali hawana bai taɓa wuce zuwa gona da makaranta da kasuwar mako ba.

Keken nawa Phoenix ne ƙirar Sin, mai birkin ƙarfe da kariyar ɗaukar kaya a baya, marar giya, irin wanda ya gaji siffar tsohon Raleigh na Ingila da iyayenmu suka hau. Irin wannan keke yana da nauyi, amma yana da juriya, kuma babu garin da za a rasa kayan gyaransa, shi ya sa ban yi tunanin sauya shi ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne dattijon bai ɗauki sifana ba sai da ya tambaye ni inda za ni, da watan da zan tashi, da yawan kayan da zan ɗaura a kariya. Daga nan ya kifa keken, ya juya ƙafar baya, ya kara yatsansa kusa da bakin ƙarfen yana lura da inda take karkata. Ya bi wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya yana taɓa su da sifana yana sauraren ƙararsu, duk wadda ta yi sako-sako ya ɗaure ta kaɗan kaɗan har ƙafar ta miƙe. Da ya girgiza ta gefe da gefe ya ji tana motsi, sai ya kwance ta, ya zazzage boris a murfin gwangwani, ya wanke su da kananzir, ya nuna mini waɗanda yashi ya cinye har suka yi ramuka. Ya zuba sababbi, ya cika giris, ya ɗaure daidai yadda ƙafar za ta juya ba tare da ta cije ko ta yi rawa ba. Sarka ma bai ja ta ta yi tsantsan ba, ya bar mata ɗan sassauci kamar faɗin yatsa, ya ce wadda aka matse tana cin ƙarfin mahayi, wadda aka sake da yawa kuma tana zamewa a kan gargada.

Na nemi ya sauya mini tayoyin biyu, sai ya ƙi. Ya ce, "Malam, ta baya ce take ɗauke da kai da kayanka, ita ce ta suɗe. Ta gaba tana da sauran kwana, ka riƙe kuɗinka ka yi guzuri." A wannan zamani da kowa yake neman inda zai ƙara riba, mai sana'ar da zai hana ka sayen abin da yake rataye a rumfarsa ya cancanci a faɗi alherinsa a bainar jama'a. Saboda tsaidau da ƙayar aduwa da suke zube a gefen hanyoyinmu, ya tsaga tsohon tib ya shimfiɗa shi a cikin tayar kafin ya sa sabon, domin ƙaya ta sami abin ratsawa kafin ta kai ga iska. Dabara ce da take ƙara wa ƙafa ɗan nauyi, amma a ganina ta biya kuɗin sabulu.

Bai bar ni na tafi ba sai da ya sa na yi faci da hannuna a gabansa: na nemo hujin, na kankare wurin, na shafa sholisho, na jira ya sha iska har ya daina sheƙi kafin in manna facin. Ya ce yawancin facin da yake ɓallewa a hanya gaggawar mannawa ce take jawo shi. Ya haɗa mini famfo da tib na ajiya da sifana biyu da ƙarafan cire taya a ƙunshi ɗaya.

Gyaran da na fi jin amfaninsa a jikina bai ci ko kwabo ba, wato tsayin sirdi. Mu mutanen karkara mun saba sauke sirdi ƙasa domin ƙafafu biyu su taɓa ƙasa idan an tsaya, kuma a tafiyar gona hakan ba ya nuna illa, amma idan za a wuni ana taka feda da gwiwa a lanƙwashe, ciwon gwiwa ne zai tsayar da mutum tun kafin gajiya ta zo. Ya sa na hau yana riƙe da keken, na ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa, ya yi ta ɗaga sirdin har ƙafata ta miƙe. Da na mayar da tafin ƙafa yadda ake tuƙi, sai gwiwar ta rage ɗan lanƙwasa kaɗan. Tun daga lokacin, a hawan gwaji da nake yi da sassafe ina ƙara nisa sannu a hankali, zafin da nake ji a gwiwa ya ɗauke. Ya kuma hana ni sayen sabon sirdi mai taushi, ya ce jiki ya riga ya saba da tsohon, ba a gwada sabo a doguwar tafiya.

Shi ne kuma ya tuna mini da iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Haɗejiya kuwa gabas take da mu da ɗan karkata arewa, saboda haka mai zuwa can a wannan lokaci gaba da gaba zai yi da ita. Ya ba ni shawarar in tashi da an idar da sallar asuba, in ci nisa kafin hantsi ya ɗaga iskar ta yi ƙarfi. Idan mutum yana yin kilomita 15 a awa, tafiyar za ta ci kusan awa 7 ban da hutu da salla, don haka na tanadi dabino da ƙuli-ƙuli da ruwa mai yawa, har da haɗin gishiri da sukari irin wanda ake koyarwa a asibiti, wato ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Rumfar tana da nata rauni, kuma wajibi ne in faɗe shi. Aikin dattijon daban, na yaransa daban. Yaron da ya ɗaure mini birki ya bar robar gefe ɗaya tana gugar ƙarfe, sai da na koma maigidan ya daidaita ta da kansa, kuma birki ba abin da za a bar wa ɗan koyo ba ne ba tare da an duba bayansa ba. Ranar kasuwa wurin yana cika har aiki ya koma na sauri, saboda haka mai son a natsu a kan kekensa ya zaɓi wata rana. Ba a faɗin kuɗin aiki tun farko sai an tambaya, haka kuma akwai tib mai kauri da marar kauri, kuma idan mutum bai yi magana ba mai arahar za a sa masa.

Babban giɓin da na gani shi ne babu hular kwano a rumfar, babu fitila, babu abin da yake ƙyalli idan hasken mota ya haska shi. Da na tambaya, sai ya ce ba a nema shi ya sa ba ya sarowa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin wanda zai tashi da duhun asuba, cikin hazo, a titin da manyan motoci suke bi, musamman ranar kasuwar Gujungu, ganin da direba zai yi masa daga nesa ya fi masa sabuwar taya muhimmanci. Sai da na aika Kano aka sayo mini su. Mai keken giya ma ya nufi birni, domin dattijon da bakinsa ya ce ba fanninsa ba ne.

Ga mai keke irin nawa da yake shirin tafiya mai nisa karon farko, ina ba da shawarar wannan rumfa, da sharaɗin ya tsaya a yi aikin a gabansa, ya nemi maigidan ya duba birki da hannunsa, ya kuma kai keken tun da sauran makonni. Sarka da wayoyin ƙafa da aka ɗaure sukan saki bayan an ɗan hau, shi ya sa dattijon ya ce in mayar masa da keken ana saura mako guda in tashi, ya sake bin su ba tare da ƙarin kuɗi ba.