Makulli ɗaya, ƙofofi da yawa: wasiƙa daga Malmo

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da Hajiya da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso, na ga shugaban makarantarku ya jibga maka aikin haɗa wa malamai hanyar shiga manhajojin makaranta guda ɗaya, kana tambaya wace manhaja muke amfani da ita a nan. Zan faɗa maka sunayen da kuɗinsu, amma ka yi haƙuri in fara da labarin makonnina na farko a Suwidin, don a nan na fahimci aikin nan fiye da yadda na fahimce shi a aji.

Na sauka da biza, da takardar ɗaukar aiki, da kuɗi a aljihu, amma sai na zama kamar baƙon da ba a yi masa iso ba. A ƙasar nan komai na rataye da wata lamba da ake kira personnummer, ranar haihuwarka ce a haɗe da lambobi 4, kuma hukumar haraji ce ke bayar da ita. Tun 1947 suke da wannan tsari. Sai ka samu lambar banki zai ba ka BankID, wata manhaja ce a waya wadda bankunan ƙasar suka haɗu suka kafa, ta fara aiki a 2003, ta waya kuma ta zo a 2011. Da ita ake shiga banki, da ita ake duba takardun asibiti a shafin kula da lafiya na 1177, da ita ake cike haraji, a sa hannu a yarjejeniyar haya, a tura kuɗi ta Swish. Ranar wata Asabar na je kasuwar gwanjo, na ga wata rigar sanyi mai kyau, na zaro takardun kurona na miƙa. Tsohuwar ta kalli kuɗin, ta girgiza kai, ta nuna mini wani kwali da aka rubuta lambar waya a jiki. Swish kawai take karɓa, ni kuwa ba ni da BankID. Haka na koma gida ina rawar ɗari da kuɗina a hannu.

Da lambar ta fito, sai ƙofofi suka riƙa buɗewa da kansu. Duk shafin da na shiga, hoton lambar QR ya bayyana, in haska da waya, in sa yatsa, shi ke nan. Na tuna yadda muka yi da rajistar JAMB ɗinka, mai kafe ne ya buɗe maka imel, shi ya zaɓa maka kalmar sirri, ya rubuta ta a wani littafi mai ɗauke da na yaran unguwa kaf, littafin kuma yana ajiye kusa da firinta.

Kada ka ce ina raina gida. Muna da BVN tun 2014, muna da NIN, kowacce lambobi 11, kuma tun ƙarshen 2020 aka tilasta haɗa NIN da layin waya. Harsashin yana nan. Bambancin shi ne a gida lambar ce ake karantawa wani ya rubuta a takarda, duk wanda ya san ta ya kama hanyar zama kai. A nan kuwa lambar ba sirri ba ce sam. Adireshin mutum ma kowa na iya nemowa a intanet, abin da har yau bai kwanta mini ba. Abin da ke tabbatar da kai shi ne makullin da ke cikin wayarka, wanda ba ya fita daga cikinta.

To, irin wannan nake yi wa ma'aikatarmu, a ƙaramin mataki. Ka ɗauka gida ne mai zaure ɗaya da ɗakuna da yawa: ɗakin imel, ɗakin albashi, ɗakin ajiyar takardu. Da can kowane ɗaki da kwaɗonsa, ma'aikaci na yawo da kalmomin sirri 10, ƙarshenta ya mai da su duka iri ɗaya. Yanzu mai gadi ɗaya ne a zaure. Shi zai tantance ka, ya ba ka 'yar takarda mai hatiminsa, kowane ɗaki ya ga hatimin ya buɗe maka ba tare da ya taɓa jin kalmar sirrinka ba. Takardar tana mutuwa bayan kamar awa ɗaya, a sabunta ta a bayan fage. Yarukan da zaure da ɗakuna ke magana da su guda biyu ne za ka fi cin karo da su, SAML 2.0 na 2005 da OpenID Connect na 2014. Duk manhajar da za ku saya, ka tambayi mai sayarwa ko tana jin ɗaya daga cikinsu. In ya fara kame-kame, ka tashi.

Mai gadinmu shi ne Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory. Yana zaune a gajimare, wato a kwamfutocin kamfanin da muke haya ta intanet. Amma asalin kundin ma'aikata yana kan sabarmu, wato babbar kwamfutarmu ta cikin gida, tsohon Active Directory, kuma wata ƙaramar manhaja, Entra Connect, tana kwafe sauye-sauye daga ƙasa zuwa sama kowane minti 30. Sauyin kalmar sirri ya fi sauri, kowane minti 2, kuma ba kalmar kanta ke tafiya ba, niƙaƙƙen sawunta ne da ba a iya mayarwa.

A nan na taɓa yin ɓarna. Wata ranar Juma'a da yamma ina gyara kundi, na kwashe wani rukuni na ma'aikatan wucin gadi na mai da su wani sashe da na ga ya fi tsari. Ashe wannan sashen ba ya cikin waɗanda ake kwafewa. Manhajar ta duba, ba ta gansu ba, ta ɗauka sun bar aiki, ta goge asusun mutum kusan 80 a gajimare. Tana da birki, amma sai gogewar ta haura 500 yake kamawa, kuma ba wanda ya taɓa rage adadin. Ina cikin bas wayata ta fara ruri. Allah Ya taimake ni, asusun da aka goge yana zama kwana 30 a kwandon shara kafin ya ɓace, na dawo ofis na mai da su kafin isha. Ranar Litinin shugabar sashenmu ba ta ɗaga murya ba, ta kawo kofi da burodin kirfa ta ce mu zauna mu rubuta yadda aka yi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka rage birkin zuwa 20, muka kuma hana taɓa kundi ranar Juma'a.

Abin da ya fi burge ni a nan ba ya buƙatar sisi. Sunan mutum yana shiga daga wuri ɗaya ne tak, ofishin kula da ma'aikata. Su suka rubuta ranar fara aiki, asusu ya buɗu da kansa. Su suka rubuta ranar barin aiki, daren ranar asusu ya rufu, duk ɗakuna suka kulle lokaci guda. Ni kaina ba ni da ikon ƙirƙiro mutum don wani babba ya bugo waya. Ka tuna tun 2007 gwamnatin tarayya ta shigo da IPPIS don maganin ma'aikatan bogi, kuma har yau ana jin labarinsu. Matacce ko wanda ya yi ritaya bai cika ɓacewa daga kundi ba in akwai mai cin moriyar zamansa, kuma manhaja abin da aka zuba mata take kwafewa. Saboda haka kafin ka sayi komai, ka zauna da magatakardan makarantarku ku tace jerin sunaye. Za ka tarar da malami ɗaya a matsayin Muhammad a albashi, Mohammed a imel, Moh'd a jadawalin darasi. Ka ba kowa lamba ɗaya da ba ta canzawa, ka ɗaure komai a jikinta.

Sai ɗaya fuskar. Makulli ɗaya in ya faɗa hannun ɓarawo, gidan duka ya samu. A watan Satumba na 2022 an yi kutse a kwamfutocin kamfanin Uber ta hanyar damun wani ɗan kwangila da saƙon neman amincewa a waya har ya gaji ya danna. Shi ya sa tun 2023 shafin shiga ke nuna lamba a kwamfuta wadda dole ka rubuta a manhajar Microsoft Authenticator da ke waya. A Satumban 2023 kuma kamfanin otal-otal na MGM a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 100, kuma rahotanni sun nuna da kiran waya aka yaudari masu taimakon ma'aikata. A nan ma 'yan damfara kan kira tsofaffi su ce daga banki ne, su sa su buɗe BankID da hannunsu. Irin dai masu kiran Hajiya suna neman lambar da aka turo mata, sai dai su da yaren Suwidin suke yi. Ranar da wayata ta faɗa kan ƙanƙara ta mutu, kwana 3 na yi ba banki, ba asibiti, ba Swish, sai da na je reshe da katin shaidata.

Maganar kuɗi. A 2024 ana biyan dala 6 kan kowane mutum a wata a Entra ID mai matakin P1, P2 kuma dala 9. Ka lissafa da naira kan malamai 100, za ka ga shugabanku zai canza fuska. Amma Google da Microsoft duka suna da matakin kyauta ga makarantun da suka cancanta, ka fara nema ta nan. Akwai kuma Keycloak, wata manhajar mai gadi, kyauta ce, sai dai kai za ka riƙe sabar, kai za ka riƙa sabunta manhajar, kuma ranar da aka ɗauke wuta inbata ta mutu, zaure ya rufe wa kowa. Da yanayin wutarmu, ni gajimare zan zaɓa. Kada ka dogara da lambar da ake turowa ta saƙon tes, ka san yadda netwok ke yi, ka kuma san yadda ake sace layi. Manhajar da ke fitar da lambobi 6 kowane sakan 30 tana aiki ko babu data.

Ka buɗe asusun shiga na gaggawa guda 2 a tsarin, waɗanda ba su dogara da wayar kowa ba, har da taka. Na sayo maka YubiKey guda 2 don su, wani ɗan ƙaramin makulli ne da ake sokawa a kwamfuta, kamfanin ma a nan Suwidin aka kafa shi a 2007. Zan ba wani ɗan uwa da zai zo gida kafin azumi. Ɗaya a saka a sef ɗin makaranta, ɗaya a hannun shugaba, kada ka rataya su a makullin babur ɗinka. In zai dawo a haɗo mini da kilishi da yajin Hajiya, na wurina ya ƙare tun kaka.

Yayanka.