Wane littafin dodanni ya dace da ɗan ƙaramar sakandare?

Yaron da ya kai shekara 11 zuwa 14 ya wuce lokacin da za a ce masa "ga Dodo nan" ya yi tsit. Yanzu shi ke neman Dodon da kansa, in kuma bai same shi a littafi ba zai same shi a waya, inda babu mai tace masa. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne tsoro iri-iri ne, shekarun da ake rubutawa a bayan bango kuwa ba sa faɗa maka wane iri ne a ciki.

Wanda aka fi cin karo da shi wajen masu littattafan gwanjo shi ne jerin Goosebumps na marubucin Amurka R.L. Stine. A 1992 aka fara fitar da su, zubin farko kaɗai littafi 62 ne. Kowanne shafi ɗari da 'yan kai, Turancin mai sauƙi, babi-babi gajeru, kowane babi kuma yana yankewa daidai inda yaro zai ce "bari in ƙara ɗaya". Dodannin na wasa ne: ɗan tsanan katako mai baƙar magana da ake kira Slappy, wani koren abu mai yauƙi da ke ta kumbura, mutumin da ke rikiɗa ya koma kerkeci. Jini kaɗan ne, ban dariya da yawa. Aibinsu shi ne in ka karanta biyar ka gane salon sauran. Amma ga yaron da Turanci ke ba wahala, wannan maimaicin ma taimako ne, domin shi zai kai shi shafin ƙarshe.

Sai dai a yi hattara da suna. Stine ɗin nan yana da wani jeri mai suna Fear Street, wanda ya rubuta wa 'yan babbar sakandare, cike da kashe-kashe. Mai tebur zai jera su wuri ɗaya ya ce maka duk ɗaya ne, Alhaji. Ba ɗaya ba ne.

Scary Stories to Tell in the Dark na Alvin Schwartz, wanda ya fito a 1981, tatsuniyoyin baka ne aka tattara, kowace shafi biyu ko uku, an shirya su don a karanta wa jama'a da dare. Labaran da sauƙi. Zanen ne matsalar. Bugun asali yana ɗauke da zanen Stephen Gammell, baƙi da fari, fuskoki kamar suna narkewa, gashi da jijiyoyi na zuba. Daga baya an sake buga shi da zanen Brett Helquist mai dama-dama. Buɗe ka gani da idonka kafin ka biya. Ɗan aji ɗaya a ba shi na biyun.

Akwai kuma waɗanda dodonsu ba ya ihu, amma ya fi daɗewa a zuci. A Coraline na Neil Gaiman, na 2002, yarinya ce ta buɗe wata ƙofa a sabon gidansu ta tarar da gida irin nasu sak, da wata uwa irin mamarta sak, sai dai maɓallai ne a gurbin idanunta. A ganina ya fi duk na sama kyawun rubutu, ya kuma fi su hana barci, saboda abin da ya taɓa uwa da gida ba ya ƙarewa da rufe littafi. A Monster Calls na Patrick Ness, na 2011, bangonsa na ban tsoro ne, amma labarin yaro ne da mahaifiyarsa ke fama da ciwon daji, dodon bishiya na zuwar masa cikin dare. Kuka zai sa yaro, ba firgita ba. Kada a miƙa wa wanda ke cikin jinyar iyaye ko sabon maraici ba tare da babba ya fara karantawa ba.

The Jumbies na Tracey Baptiste, na 2015, ya fi kusa da kunnenmu. Marubuciyar 'yar Tirinidad ce, ta ɗauko iskokin daji daga tatsuniyoyin ƙasarsu, jarumar kuma yarinya ce baƙar fata marar tsoro. Akwai mayya da sihiri a ciki, don haka gidan da ba a son wannan a sani tun farko.

Na Hausa fa? Yawancin labaran aljanu da matsafa da ke yawo a waya na manya ne, an cakuɗa su da soyayya da abin da bai dace da yaro ba. Gara a koma wa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Tsoronsu kaɗan ne, amma yaro zai tsinci Hausa mai kyau.

Mai fara karatu a ba shi Goosebumps biyu a gani. Wanda ya saba da littafi, The Jumbies sannan Coraline. In gwanjo za ka saya, duba shafukan ƙarshe ko suna nan, domin su ke fara yagewa, kuma a nan Stine ke ɓoye juyin labarinsa.